Bakaniken da Ba Ya Taɓa Inji da Safe

Da sassafe Malam Kunne yakan buɗe garejinsa, ya yi shara, ya jera sifanu a kan tsohon buhu daga babba zuwa ƙarami, ya ja benci ya zauna. In mai mota ya zo yana kukan injinsa na ƙara, tambaya ɗaya ce: "Da wane lokaci take yi?" In aka ce da rana, sai ya ce, "To, sai rana ta yi." Shekara talatin da huɗu yana haka. Makon nan ya ajiye sifana, ni kuwa da bakina ya taɓa cin namansa, na ga ya kamata bakin nan ya wanke shi.

A layinmu an daɗe ba a yarda da shi ba. Wane irin bakanike ne zai bar sanyin safiya ya zaɓi tsakar rana? Kuma sai ya karɓi makulli ya nufi hawan nan na bayan gari, kullum hanya ɗaya. Wasu suka ce man mutane yake ƙonawa yana shan iska. Wasu suka ce can yake musanya kayan mota inda babu ido. Ni dai na lura akwai wata tela bazawara a saman hawan, na faɗa wa mutum biyu kacal. Kafin la'asar har an sa masu rana.

Wanda ya fi kowa zarginsa mijin 'yata ne, Mai Ƙanƙara, mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya juya gaisuwar ya duba ƙasanta. Tsohuwar motar kayansa da safe lafiya lau take, amma rana na takewa, ga lodi, sai ta kama tas-tas-tas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Bakanike uku suka duba ta, duk da safe, duk suka ce ƙalau. In ta buga, sana'arsa ta narke. Dole ta kai shi wurin Kunne, amma sai da ya ɗauki jan farcen matarsa ya ɗiga wa kowane noti da kowane fulogi alama.

Kunne ya ɗaga bonet, ya ga jajayen ɗigo ko'ina.

"Amarya ka kawo mini?"

"Ado ne kawai, Baba. Kuma ƙafata ƙafarka."

"Haka nake so. Je ka lodo ƙanƙararka, ka dawo bayan azahar."

"In ta narke fa?"

"Gara ita da fistin ɗin injinka."

Suka kama hanyar hawa, surukina na tuƙi, ido ɗaya a titi, ɗaya a hannun Kunne. Shi kuwa ya rufe ido, ya karkatar da kai kamar mai gyangyaɗi. Surukina ya ce a ransa, ga barci ma an ƙara mini. Suna kai tsakiyar hawa ƙarar ta tashi.

"Tsaya nan."

Ya kama hannun surukina ya kai bakin bututun da inji ke shaƙar iska. Ashe ya yage, iskar jikin inji yake zuƙa, mai zafi kamar ta bakin murhu. Ya kwance fulogi ɗaya, kansa fari fat kamar alli.

"Wa ya matse mata mai?"

Surukina ya yi tari. "Ni na ce a matse, don ta rage sha."

"Da safe iska na da sanyi, inji kan yi haƙuri da ɗan abin da ka ba shi. Yanzu ga zafi, ga kaya, ga mai kaɗan. Sai wutar ta riga lokacinta tashi, ta mari fistin. Marin ne kake ji. Waɗanda suka duba ta da safe ba ƙarya suka yi ba, ba a gabansu ake marin ba."

Ya ɗaure bututun, ya sakar mata mai kaɗan, ya ja taimin, wato lokacin tashin wutar, baya kamar faɗin farce. Suka sauka suka sake hawa, ya ƙara taɓawa. A karo na uku motar ta haye shiru.

A saman hawan surukina ya ce bari ya gwada shi. "Baba, ga tela can a ƙofa."

Kunne ya buɗe ido. "Wace tela?"

Da surukina ya dawo gida ya bi ɗigonsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓace. Duk da haka mako guda ya yi yana jiran ya ga inda aka cuce shi. Shekara tara ke nan, bai gani ba tukuna.

Yanzu da aka ji ya rufe gareji, bakuna sun sake motsi: wai an kama shi da wani abu. To ga abin da ya faru. Watan jiya suna kan hawan nan da surukina, ƙarar ta ɗan dawo. Kunne na zaune ido rufe, bai motsa ba. Da suka kai sama ya ce, "Yau ba ta yi ba."

"Ta yi, Baba. Tun daga kwana."

 Kunne ya ce, "Juya mu koma. Ba na murɗa abin da ban ji ba."

Kai ne Kunne, mai jiran rana ta yi shaida. Hannunka bai gaji ba, kuma da ka ci gaba da murɗe-murɗe a kan zato, babu wanda zai gane sai bayan injuna sun zube. Kai da muka ce kana ɓoye abu, kai ne ka tona asirin kunnenka da bakinka. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai sanyi, ya yafe wa masu dogon harshe, har da wata tsohuwa.

Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku je inda ciwon yake, a lokacin da yake tashi, kafin ku ce kun gane. Mu ma masu baki haka. Ita tela na je na nemi gafararta da kaina, da ƙafa, a kan hawan nan, da rana tsaka.