Sabuwar Shinkafa a Ƙarƙashin Tsohuwa

Inayat Ali manomin shinkafa ne a ƙauyenmu, gefen garin Narowal. Eka shida ya gada wurin mahaifinsa, bai ƙara ba, bai rage ba. Abin da aka san shi da shi haƙori ne: a miƙa masa ƙwayar shinkafar basmati ɗaya ya ciza, ya ce wannan ta bana ce, waccan ta shekara biyu a ajiye, kuma ba a cika kama shi da kuskure ba. Aibinsa ɗaya ne. In aka yabe shi, hannunsa ba ya rufuwa.

Matarsa Sughran ita ce mai ajiya. Shekara biyu da 'yan watanni kafin auren ɗansu Munawar ta ware buhu guda, wanda ƙwayarsa ta fi tsawo, ta juye a durom ɗin ƙarfe, ta cusa ganyen dogonyaro, ta rufe. Sabuwar shinkafa da danshinta a jiki, ruwa kaɗan take sha. Tsohuwa kuwa ta bushe, sai ta sha sosai sannan ta miƙe, kowace ƙwaya ta tsaya ita kaɗai. Wannan ta ranar da amarya za ta fara ɗora tukunya ce, a gaban dangi.

Saura wata biyu biki Sughran ta tafi Lahore a duba mata yanar ido, ta kwana uku gidan yayanta. A cikin kwanakin ne Shafkat ya zo, abokin Inayat na yarinta, wanda yanzu yake da shaguna a Sialkot da mota fara. Suka zauna a gadon igiya a tsakar gida suna shan shayi.

"Abin da muke ci a birni ba shinkafa ba ce, alli ne," in ji Shafkat. "Na gaya wa yarana, mutum ɗaya ya rage a ƙasar nan da ya san basmati, kuma tare muka sha bulalar malam."

Kafin shayin ya huce Inayat ya buɗe durom. Da motar ta tafi, abin da ya rage bai wuce kwano biyu ba. Ya kwashe shi gefe, ya cika durom da ta bana, ya shimfiɗa tsohuwar a sama, ya mayar da ganyen. Ya ce a ransa zai gaya mata in ta huta gajiyar hanya. Ta huta. Aka shiga hidimar biki.

Amaryar, Tahira, 'yar wani mai aiki a injin cashe shinkafa ce a Muridke, yarinya marar yawan magana. Kwana takwas da tarewa aka tara dangi. Sughran ta ɗibi tafi ɗaya daga saman durom ta shinshina, don idon ba ya nuna mata launi.

"Shekara biyu da wata uku. Ɗebi kwano shida, 'yata."

Tahira ta wanke, ta sake wankewa, ta jiƙa. Inayat yana zaune daga nesa yana gyaran igiyar ɓaunar da suke kiwo, igiyar da ba ta tsinke ba. Ya ga yarinyar ta murza ƙwaya tsakanin yatsu, ta daɗe tana kallo. Da ta zo zuba romon nama a tukunya, ta tsaya kafin ya kai ma'aunin tsohuwar shinkafa.

"Ƙara," in ji Sughran. "Tsohuwa ce, ƙishirwa gare ta."

"Ammi ji," in ji Tahira, yadda ake kiran uwa a wajenmu, "ina ganin kamar..."

"Ƙara dai. Ni na ajiye ta."

Ta ƙara. Da ruwan ya tsotse ta rage wuta, ta naɗe murfi da ƙyalle, ta sa faranti na ƙarfe ƙarƙashin tukunyar don ta turara. Babu abin da ta yi ba daidai ba. Da aka buɗe, shinkafar ta caɓe ta zama curi guda, nan da can kuma wata ƙwaya tana tsaye da ɗanyen ciki.

Hajran, yayar Inayat, ita ta fara kai loma. Ta tauna a hankali don kowa ya gani.

"Allah ya yi miki albarka, amarya, kin tuna da mu marasa haƙora. In ta yi saura ku ba yara su liƙe littattafansu."

Aka yi dariya. Wata ta ce shekara biyu ana tattali, rabin sa'a ta gama da shi. Munawar ya sunkuyar da kai. Inayat ya cinye nasa tas, har ya ce a ƙara masa, yana ganin kamar wannan ma taimako ne. Bakinsa bai buɗe da komai ba ban da cin.

Daga ranar aka san Tahira da tukunyar nan. Gurasa nata, wanke-wanke nata, tatsar ɓauna nata, amma in baƙo zai zo Sughran ce ke lallaɓawa murhu da rabin ido. Sauran abin da ke durom Inayat ya ce ƙwari sun fara shiga, ya kai kasuwa da kansa. In yara suka ga shinkafa ta yi laushi a gidan kowa sai su ce ta Tahira ce. Ita ba ta taɓa amsawa ba. Tana kawo masa shayi da safe, ta ce, "Abba ji, ga shi," shi kuma ya karɓa yana duban ƙafarsa. Ya sayo mata mayafi sau biyu ba sallah ba biki. Ta yi godiya ta ninke ta ajiye.

Haka aka yi shekara da wani abu, har aka zo neman auren autarsu Shamim. Mutanen daga Gujranwala suke, kuma kowa ya san uwar miji tukunyar gida take fara dubawa kafin fuskar yarinya. Idon Sughran ya ƙara rufewa. Ranar da za su zo, tun hantsi sai ga Hajran da ludayinta a hannu, an aika mata.

"Ni zan dafa," ta ce tana naɗe hannun riga. "Amarya ta yanka albasa, nan ba ta da abokin gasa. Ka ga, Inayat, ba don ni ba da yau ma kunu za ka ba surukai."

Tahira ta ɗauki wuƙa ta tsuguna gaban kwandon albasa. Inayat yana bakin ƙofa, rawani a hannu, zai fita sayo lemo. Ya kai ƙafa ɗaya waje. Ya dawo da ita.

"Apa," ya ce wa yayarsa, "ajiye ludayin nan."

"Me?"

"Shinkafar ranar ba tsohuwa ba ce. Na ba Shafkat tsohuwar lokacin da uwar Munawar take Lahore. Ta bana na zuba, na rufe da kwano biyu a sama."

Sughran ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, ba daidai inda yake tsaye ba.

"Baban Munawar, kana zaune na ce ta ƙara ruwa."

"Ina zaune."

"Har ka nemi ƙari."

Hajran ta dubi ƙanenta daga kai har ƙafa, ta juya ga yarinyar.

"Ke kuma 'yar ma'aikacin injin shinkafa, ba ki gane ba?"

Tahira ba ta ɗago ta dubi goggon mijinta ba. "Ruwan wankin ya yi fari da yawa, Phuphi, ƙwayar kuma tana karyewa a yatsa. Amma Ammi ji ta ce ita ta ajiye. Kwanana takwas a gidan."

"To daga baya fa?"

"Mutum biyu ne ke buɗe durom ɗin. Wa zan ce?"

Inayat ya zauna a bakin gadon igiya. Ashe duk shayin nan na safe, ta san hannun da take miƙa wa.

Sughran ta lalubo ludayin daga hannun Hajran ta miƙa a iska. "Tahira, zo. Ki auna ruwanki da kanki, ni ba zan tsaya a kanki ba."

Yarinyar ta wanke hannu. Ta ciro ƙwaya daga buhun da aka kawo don baƙin, ta murza, ta auna ruwa yadda ta ga dama. Da azahar aka buɗe tukunya, tururi ya tashi, shinkafa ta yi wara-wara, doguwa, ba wadda ta jingina da 'yar'uwarta. Uwar yaron Gujranwala ta tambayi wa ya dafa.

"Matar ɗana," in ji Sughran.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," in ji Hajran, tana ƙara cokali na uku.

Sai da baƙi suka tafi aka tuna Inayat bai ci ba. Sughran ta ce a bar mata, ita za ta zuba masa. Ta kankare ƙanzon gindin tukunya ta tura masa faranti. Ya ja ya ci.