Babin Ƙarshe da Na Aika wa Hajiya

Shekarun baya, lokacin da rikici ya kulle mu a Sankilo, unguwarmu a birnin Bangi, fita daga unguwa ta zama kasada, ina da littafi guda da na gama rubutawa. Labarin wani direban babbar mota ne mai bin hanyar Duwala zuwa Bangi. Ni atamfa nake sayarwa a titin Kuduku, amma na bi wannan hanya tun gemuna yana baƙi, direbobi kuma sun cika mini kunne da hira. Abokina mai buga littattafai a Kano ya karanta, ya ce zai buga. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya gani kafin ya shiga kasuwa.

Sai mutanenmu suka watse. Manyan motoci suka kwashe wasu zuwa Kamaru, wasu Chadi, wasu har Nijar. Mu da muka rage muna buɗe shago rabi-rabi, ba don ciniki ba, don dai mu ga juna. In ka shiga Fesbuk ba abin da za ka gani sai cigiya da ta'aziyya. Wata rana bayan la'asar na ɗora babin farko, na ce ko mutane za su sami abin karantawa wanda ba sunan mamaci a ciki. Kafin in ankara ana ta tambaya daga Jamaina, daga Maraɗi, ina ci gaban labari.

Ba a jima ba abokina ya kira.

"Alhaji, me nake gani haka? Ka mayar da littafina sadaka?"

Na ce, "Malam, a Khartum na ga ana buga labari a jarida kashi-kashi, daga baya a haɗa shi littafi, kuma a saya."

"Nan Kano ce. Wadda ta karanta a waya kyauta ba za ta hau a-daidaita ta zo kasuwa nemansa ba. Kai da ka zauna Yawunde, masu buga na Faransanci suna karɓar abin da ya riga ya fita?"

Gaskiyarsa, ba sa karɓa. Sai na koma wa sana'ata. Na ce masa in mace ta shigo shagona nakan warware mata turmi ta ga zanen, ta shafa, ta kara a jikinta, amma ba ta fita da shi sai mun daidaita. Zan ci gaba da ɗorawa, in riƙe babin ƙarshe. Ya ce, "Muddin ƙarshen bai fita ba, maganarmu tana nan. Ranar da ya fita kuwa, ka nemi wani."

Haka muka tafi, ina ta jin kaina gwanin dabara. Na ɗora komai, na tsaya daidai inda motar direban ta lalace a daji, ga kayan mutane a baya, ga labari ya iso masa cewa matarsa tana naƙuda a Bangi. Mutane suka yi ta roƙo, wasu har da zagi mai daɗi, na ce su jira littafi.

Sai wani kira ya shigo daga Garwa-Bulai, bakin iyakar Kamaru. 'Yar maƙwabcina ce, Allah ya jiƙansa, direba ne da ya rasu tun kafin rikicin. Ita da mahaifiyarta, Hajiya, suna haya a wani gida cike da matan Sankilo. Ashe kullum ita ke karanta musu labarin a tsakar gida.

"Baba, Hajiya ba lafiya, ta daina cin abinci. Amma kullum sai ta tambaye ni ko ka sako ƙarshen. Ga ta."

Muryar da na sani tana cika layinmu ta dawo 'yar siririya.

"Alhaji mai atamfa, ka bar mutum a daji ka koma kana kaɗa ƙuda a shago? So kake in tafi ban san ko ya iso gida ba?"

"Hajiya, ai ba inda za ki. Littafin yana tafe."

"Yaushe? Kai da littafinka waye ya fi wani nawa?"

Na kira Kano na faɗa wa abokina. Ya ce abu mai sauƙi, in aika mata ita kaɗai. Na yi dariya. Shi bai san mutanenmu ba. Matan da suka raba bargo ɗaya a bayan mota, wadda ta samu sukari sai ta zagaya da shi ɗaki-ɗaki, su ne za su ɓoye ƙarshen labari? Duk da haka na aika, na kuma rubuta a sama: amana ce, ta Hajiya kaɗai.

Kafin Juma'a wani ɗan'uwana a Damagaram ya turo mini babin ta Watsap, yana tambaya ko na gani. Kalmar amanar tana nan a samansa, ba wanda ya ma goge ta. Sai na ɗora shi a Fesbuk da hannuna, tunda dai ya fita gara ya fita ba kuskure.

Abokina bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya ba ka lada, Alhaji, amma ni takarda nake saya." Ya cika maganarsa, bai buga ba. Daga baya na mayar da labarin Faransanci na gwada Yawunde, tambayar farko da suka yi mini ita ce ko ya taɓa fita a wani wuri. Na ce ya fita. Nan maganar ta ƙare.

Hajiya kuwa ta warke, ta kira ni da cikakkiyar murya. Na zaci godiya za ta yi.

"Wannan ne ƙarshen da ka yi ta ja mana rai a kai? Wai ya bar mota a daji ya taho wurin matarsa? Alhaji, direba na aura. Ranar da na haifi yarinyar nan yana kwance a ƙarƙashin mota kusa da garin Buwar yana gadin buhunan mutane, sai bayan suna ya iso. Ƙarya ka yi."

"To ai don in faranta muku na yi."

"Wa ya ce maka ƙarya tana faranta mana?"

'Yarta ta ce ranar da aka karanta babin sai da Hajiya ta tashi zaune don ta yi musu, ta kuma nemi kunu.

Da abubuwa suka lafa na rubuta littafi na biyu. Abokin nan nawa shi ya fara nema. Ya ce ya ga yawan masu bina, in ɗora babi biyu kawai, in sanar da ranar fitowa. Shi ya buga shi, har a kasuwarmu ta Kokoro ana sayarwa.

Yanzu in matasa sun tambaye ni ko ɗora labari a waya yana hana a buga shi, nakan ce yana hanawa, ni ya hana ni. Yana kuma jawo mai bugawa, ni ya jawo mini. Ka tambayi wanda kake so ya buga maka tun kafin ka ɗora, don Kano daban, Yawunde daban. Kuma ka sani abin da ka ba wayar mutum ɗaya a cikinmu ka ba kowa. Littafina na farko bai taɓa ganin takarda ba, ban kuma taɓa kwana da nadamar hakan ba.

Da Hajiya ta dawo unguwa na kai mata na biyun har gida. Ba ta karatun boko. Ta auna nauyinsa a hannu, ta shafa bangon kamar mai duba atamfa, ta ajiye a gefen tabarma.

Ta ce, "Ya yi kyau. Direban nan fa, ka mayar da shi wurin motarsa?"