Libarbar da ke jiran biki

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini libarba, 'yar bindigar nan ta hannu. Ko yanzu da nake faɗa ana rubutawa, sai na tsaya na share hawaye.

Ta mahaifinsa ce, tun zamanin Turkawa. Da ita tsohon ya riƙa rakiyar alhazai tsakanin Jidda da Makka, lokacin raƙuma. Duk Juma'a in an sauko, maigida yakan zauna a tsakar gidanmu na unguwar Bagdadiyya a nan Jidda ya goge ta da man keken ɗinki. Harsasan kuwa aikina ne. Raɓar tekun nan ba ta barin ƙarfe, ba ta barin albarushi, don haka nake binne su a gwangwani cikin busasshiyar shinkafa, in ta fara danshi in sauya.

Ya sha cewa ranar auren babban ɗanmu da hannunsa zai harba ta sama, kamar yadda aka harba a namu. Bai ga ranar ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi ana maganar sa rana. Ina cikin takaba ban fasa sauya shinkafar nan ba.

Da biki ya zo, na miƙa wa ƙanen maigida libarbar. Ya jujjuya ta yana dariya.

"Hajiya, wannan ai kakar bindigogi ce. Harsasan nan sun riga wana rasuwa. Za ki ba mu kunya gaban surukai."

"Kai dai harba. Alkawarin yayanka ne."

"In ta ƙi fa?"

"Halas, shi ke nan, na ba ka shinkafar ka dafa."

Bayan la'asar aka fita fili a bayan gari, mu mata muna daga baya. Ya ɗaga hannu, ya kau da kai kamar mai tsoron allura, ya ja kunama. Ƙas. Wani cikin dangin amarya ya yi gyaran murya. Ni ko gezau, na san abin da na ajiye.

"Yalla, sake!" na ce, da muryar da maza suka juyo.

Ya sake. Ƙarar ta tashi tantabaru, hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya iso inda nake, irin na ranar aurena sak. Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Sauran harsasan na mayar cikin shinkafa. Ina da jika namiji.