Kwanon Madam Irina

Abibatu 'yar zangon Kumasi ce, amma rabin rayuwarta a unguwar Thamesmead ta Landan ta yi shi, cikin dogayen gidajen simintin nan da rana ba ta cika shiga ba. Aikinta kula da tsofaffi: wanka, ba da magani, canza zanin gado. Ko cokali bai taɓa ɓata a hannunta ba, kuma wannan sunan shi ne kaɗai dukiyarta, don da shi ake ba ta makullin gidajen mutane.

Tsohuwarta ta ƙarshe Madam Irina ce, 'yar Rasha, mai faɗan tsiya amma mai sakin hannu. Kabad ɗinta cike yake da tangaran da kakarta ta gudo da su daga Rasha. Ɗanta Pavel ba ya leƙowa sai tare da wani dillalin kayan tarihi. Su kife kofuna suna duba tambarin sarkin Rasha a gindinsu, su yi ta ƙus-ƙus, sannu da jiki ma sai sun tuna. Abibatu ta tsani yadda suke bin hannunta da ido.

Wata Juma'a tsohuwa ta zuba mata jar miyarsu ta kabeji a wani kwano mai murfi da zanen zinariya, ta ce ta kai wa Zarah, 'yar Abibatu. Da washegari ta mayar da shi, da shi ke nan. To amma a zango ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam, abin kunya ne. Ta ce bari Lahadi ta zo ta dafa waake, shinkafa da wake irin na Kumasi, ta cika shi.

Ranar Asabar tsohuwa ta cika.

Litinin da safe aka kira daga ofishin kamfanin da ke tura ta aiki. "Abibatu, an yi suspending ɗinki, an dakatar da ke. Iyalan sun ce babban kwano ya ɓata."

Zarah ta binciko irinsa a waya, ta nuna mata abin da masu tara kaya ke biya. Yarinyar ta roƙi Abibatu da Turanci ta fara neman lauya, ta ƙi. Mai gaskiya, in ji ta, ba ya neman rakiya. Ta naɗe kwanon a zane, ta rungume shi cikin bas, duk birkin da direba ya taka sai ta ƙara ƙanƙame shi.

Pavel ne ya buɗe ƙofa, 'yar sanda na tsaye a bayansa. Ya karɓi kwanon, ya juya gindinsa, bai ko dube ta ba.

"Maama ne ya ba ni," ta ce, tana nufin tsohuwar. "Miya ya sa mini ciki."

"Wa ke wurin lokacin da ta ba ki?" 'yar sandan ta tambaya.

Abibatu ta leƙa ɗakin tsohuwar. An riga an yaye zanin gadon.

"Daga ni sai ita, sai Allah."

'Yar sandan ta miƙo hannu, ta ce ta fara ba da makullin gidan.