Direban Da Ke Tsayawa A Kowane Rafi

Kafin rana ta leƙo kan duwatsun Airemu, Tiu Zeferino, wato Kawu Zeferino a bakinmu, ya riga ya kai motar asibiti bakin famfo. Ba ya fara wanki daga gaba kamar sauran direbobi. Ƙofar baya yake buɗewa, inda ake kwantar da gawa, ya share, ya goge, ya ajiye ƙwallon bua da ganyen malus a lungu, irin wanda muke miƙa wa baƙo ya tauna. Sannan ya jefa nasa a baki. Asabar ɗin nan zai miƙa makulli ya ajiye aiki, ido ya ƙi gani. Ya fi shekara ashirin yana ɗauke mana matattu, amma akwai lokacin da ko gaisuwarsa ba a amsawa a garin nan.

Bayan sojojin mamaya sun ƙone ƙasar Timor sun fice, sai ga malae, baƙin ƙetare, da fararen motoci. Su ne alƙalai, su ne 'yan sanda, su ne gwamna. Taimako suka ce sun kawo. To, waɗanda suka gabace su ma haka suka ce, don haka muka yi murmushi muka zuba ido. Da aka ji Zeferino ya samu aikin tuƙi a wata tawagarsu mai tono gawarwaki, ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya san shi ne ya tuƙa babbar motar soja a da. Ya ce da bindiga aka sa shi. Kowa ma haka yake cewa.

"Zeferino, yau kuma wa ke da kai?" in ji masu zaman kasuwa idan ya wuce.

"Mai fetur," yake ce musu, ya taka mota.

Tawagar ta tona tsohuwar rijiyar da ke bayan injin kofi. Cikin abin da aka fito da shi, Tia Domingas, wato Inna Domingas, ta gane ɗamarar da ta saƙa wa mijinta Anacleto, jan zare da baƙi, naɗe da ƙasusuwa. Shugabar tawagar, wadda ake kira Mana Ingrid, ta ce dole a kai shi Dili, babban birni, ya zama shaida a kotu, daga baya a dawo da shi. Aka sa ƙasusuwan a jaka aka zuge, aka liƙe ƙofar mota da hatimi. Tia Domingas ba ta yi kuka ba. Zuwa ta yi ta kwanta a gaban taya.

Zeferino ya kashe mota ya durƙusa kusa da ita.

"Tia, tashi. Ni zan kai shi, ni zan dawo miki da shi."

"Kai?" ta ce. "Ka kai mutane da yawa a motar soja. Wa ka taɓa dawowa da shi?"

Ya miƙa hannu. Ya zare jan zare ɗaya daga gefen zaninta, ya cusa a aljihu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta tashi.

Kowa a nan ya san mamaci ba ya ƙetare ruwa sai an kira shi. In ba a kira ba, ƙashi ya wuce, kurwa ta tsaya a gaɓa tana yawo, sai iyali su yi ta ciwo. Abilio, ɗan sandan da ya raka su, shi ya ba da labarin tafiyar. A rafin farko Zeferino ya taka birki, ya zagaya baya, ya ɓalle hatimin, ya ɗaura jan zaren a hannun jakar, ya ce, "Tiu Anacleto, mun iso ruwa. Kada ka tsaya, biyo mu."

Mana Ingrid ta yi tsalle ta sauko tana faɗa. Wa ya ce ya taɓa shaida? Wa yake wa magana? A rafi na gaba ya sake. Da aka kai wata gada mai duhun itatuwa, har hannu Abilio ya kai kan bindiga, domin an san Zeferino da tsofaffin abokai a ƙetaren iyaka, kuma wurin ya yi kama da wurin kwanton ɓauna. Ba kowa. Direba ne kawai da jakarsa.

Sai Dili ta haɗiye Anacleto. Waɗanda za a gurfanar sun tsere ƙetare, shari'a ta kwanta. Mana Ingrid ta gama wa'adinta ta hau jirgi, wani ya gaje ta, shi ma ya hau jirgi. Jakunkunan suna kulle cikin wani akwatin ƙarfe bayan ofis. A Airemu kuwa magana ta fara yawo: Zeferino ya sayar wa malae ƙasusuwa, suna can ƙasarsu cikin gilashi ana kallo. Aka daina sayen tuyar ayabar matarsa. Aka yi ta jifan rufin gidansa. Su kuma malae suka lura kullum ya shigo Dili sai ya laɓaɓa bayan ofis ya kunna kyandir a bakin akwatin, ya ajiye bua. Suka ce leƙen asiri yake yi, suka kore shi.

Zeferino, kai ne mutumin da gari ya ce na baƙi ne, baƙi suka ce na maƙiya ne. Ba ka yi wa kowa rantsuwa ba. Ka koma dakon buhunan kofi a motar wani, kana ba maigadin ofishin nan taba don ya riƙa sanar da kai motsinsu.

Maigadin ne ya aiko cewa tawagar tana naɗe kaya, kuma duk jakar da ba a zo nema ba za a zuba ta a kabari ɗaya a Dili. Zeferino bai tsaya sauke kofi ba. Ya iso daidai ana fitar da akwatin. Ya gitta motar kofin a ƙofa, ya zare makulli, ya kwanta a gaban tayar motarsu, yadda ya taɓa ganin an yi masa.

Sabon shugaban, wani dogo mai jan wuya, ya fito yana duba agogo. Ya tambaya ta bakin tafinta ko shi ɗan'uwan mamacin ne.

"Direbansa ne ni," in ji Zeferino.

"Wace jaka?"

"Mai jan zare."

Ko tausayi ne ya kama mutumin, ko jirginsa ne ke shirin tashi, har yau ban sani ba. Ya buga 'yan wayoyi, aka buɗe akwatin.

Da yamma motar kofi ta shigo Airemu, jaka a kujerar gaba. Gari ya taru, ba don murna ba, don a gani. Tia Domingas ta zuge jakar da kanta. Ta duba ɗamarar, ta duba gurbin haƙorin da doki ya taɓa fasa wa mijinta. Sannan ta ɗago.

"Ka kira shi?"

"Kowane rafi, Tia."

"Har da ƙaramin nan na bayan coci, wanda ya ƙafe?"

"Har da shi. Ya ƙafe a idonmu ne, ban san yadda yake a nasu ba."

Ta buɗe ɗan kwandonta ta miƙa masa bua a gaban kowa. Ba ta ce na gode ba, amma daga ranar jifa ya tsaya.

Malae sun tafi da fararen motocinsu, sun bar mana gine-gine, wasu sun tsaya, wasu sun tsage. Kai kuwa, Zeferino, ka nemi tuƙa motar gawa, aikin da ba mai so. Waɗanda ka kai a motar soja ba su dawo ba, kuma ba ka taɓa cewa a manta ba. Amma tun daga lokacin ba ka bar mamaci ko ɗaya a bakin ruwa ba. Mun gode, Tiu Zeferino, mai kai mutum har ƙofar gida. Ku matasan da za ku karɓi makullin nan, da ku masu aiki a ofisoshin baƙi, in kun ce za ku dawo da abu, ku dawo da shi, ko da wanda ya sa ku ya hau jirgi.

Jiya Tia Domingas ta dogara sanda ta same shi a bakin famfo.

"An ce za ka ajiye aiki. To ni wa zai kai ni? Kabarinmu yana hayin rafi."

"Ido ya tafi, Tia. Sai in jefa mu kwazazzabo."

"Wa ya ce ka tuƙa? Yaran nan su tuƙa. Bakinka ai bai tafi ba. Ka zauna a baya tare da ni, in mun iso ruwa ka kira ni."