Ashe Rabinmu Ne Aka Yi Wa Ta Gaske

Jama'a, yau jikina ya mutu!

Kun san na shiga gwajin allurar rigakafin zazzaɓin sauro ta manya. Da safe na koma ɗibar jini. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, kana dai kwana cikin gidan sauro ko?"

Na ce, "Na me? Ba an yi min allura ba?"

Ta ce, "Ai mun gaya muku, rabinku ne aka yi wa ta gaske. Ko likita bai san su waye ba."

Innalillahi! Ga damina, gona na jirana! Ni kuwa sati uku ke nan da na yayyage nawa na killace dashen barkono saboda kaji. Barkono na kwana lafiya, ni sauro na ci na!