Kalmomin da Na Samo a Rumfar Kawu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Gadarif ta ƙasar Sudan kafin a ce in koma Turanci. Malamar Turancinmu ta bi mijinta Saudiyya, ba a aiko da wata ba, sai shugabar makaranta ta buɗe takardunmu ta ga ni ce na fi sauran maki a Turancin sakandare. Ban gaya mata makin ya tsufa ba. Mu ne 'yan zamanin da aka mayar da karatun jami'a da Larabci, don haka Turancina ya tsaya inda na ajiye shi tun ina budurwa.

Aka tura ni kwas na wata uku a wani ma'ahad, cibiyar koyon harshe, da ke kusa da kasuwa. Shugabar ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce malaman lissafi sun yi mata yawa, idan na samo shahadar Turanci zan zauna, idan ban samo ba sunana na cikin waɗanda za a tura Basunda. Ba ƙauyen nake ƙi ba. Mahaifiyata ce ciwon suga ya taɓa wa ido, ni ke yi mata allura safe da yamma, ba kuma za ta iya barin asibitin da ta saba da shi ba.

Imtihanin ƙarshe na baka ne. Kowa ya zari takarda daga kwali, abin da ya fito masa a kai zai yi magana bayan sati ɗaya. Tawa ta ce in bayyana dalilin da ya sa mutane suka riƙe littafin takarda alhali ga na lantarki ya zo.

Ni ko na'urar karanta irin wannan littafin ban taɓa riƙewa ba. Lokacin takunkumi ne, shagunan littafi na intanet ba sa buɗe wa mutumin Sudan ƙofa. Abin da muka sani shi ne littafin da wani ya ɗauki hoton shafukansa, yana yawo daga waya zuwa waya. Ustaz, malamin kwas ɗinmu, ya ba ni jerin kalmomi, na haddace su a kwana biyu kamar jadawalin sau, amma da na tashi haɗa su sai na ga ba ni da abin faɗa.

Ranar Talata bayan an tashi makaranta na wuce rumfar kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa yana ɗinkin littafi a bayan layin masu riɗi. Na zauna a benci da ƙamus a cinya. Duk abin da ya taɓa sai in tambaye shi sunansa, in nemo na Turancin. A nan na ga Bature ma jiki ya ba littafi. Inda kawu ke ɗinkewa ƙashin baya yake ce masa, shafi ganye, takardar da ake lulluɓe bango da ita kuma riga. Kawu yana jin daɗi yana gyaɗa kai, har na zo kan lanƙwasar da mai karatu ke yi wa kusurwar shafi don ya gane inda ya tsaya. Na ce masa wannan kunnen kare suke kiranta.

Ya tsayar da allura. "Kare kuma? A jikin littafi? 'Yar nan, wannan kada ki koya wa yara."

Muna cikin haka wani magidanci ya yi sallama. Lebura ne, ya ce daga Fashaga yake, damina ta tsayar da aikin noman na kwana biyu shi ya sa ya shigo gari. Ya kwance wani ƙunshi na buhu ya fito da littafin fiƙihu wanda bangonsa ya rabu biyu. Na mahaifinsa ne, da shi ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiyar ta ƙare a nan. Shi kansa ya ce bai iya karanta shi ba. Roƙonsa ɗaya ne, kada kawu ya datse gefen shafukan ko da sun cinye, domin a nan tsohon ya rubuta ranar haihuwar kowane ɗa da hannunsa. Ya buɗe ya nuna mana layin da aka ce nasa ne, ya sa yatsa a kai daidai, ba kuskure.

Da ya tafi na nemo kalmar gefen shafi, da ta rubutun hannu, da ta gado. Su ukun babu su a jerin ustaz. Kawu ya ara min wani tsohon littafi mai bangon fata, ya ce in je da shi, baki ya fi sakewa idan hannu na riƙe da abu.

Ranar imtihani aka tashi da ruwa. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san abin da nake nufi. Raksha, keke mai ƙafa uku da na hau, ta maƙale tun kafin mu kai titi, na ƙarasa a ƙasa da takalmi a hannu, gefen tobina, lafayar da na naɗa, ya yi nauyi da taɓo. Mutum uku na tarar a bayan tebur, na tsakiyarsu dattijo ne da ya yi karatu tun ana koyar da komai da Turanci. An ɗauke kahraba, ba lantarki, fanka a tsaye, ɗakin shiru.

Na fara da gabatarwar da na haddace. A jimla ta uku ta ɓace min fat. Na koma farko, na sake tsayawa a wurin. Ina ganin motar Basunda a idona. Sai dattijon ya nuna ledar da ke hammatata, ya tambaye ni a hankali me na ƙunso.

Na kwance na ɗora littafin a tebur. Na nuna ƙashin bayansa na faɗi sunansa, na nuna ɗinkin, na ce su sunsuna fatar. Ɗaya daga cikinsu ta sunsuna kuwa. Daga nan na shiga ba su labarin leburan, da Turanci mai ɗingishi, ina faɗuwa ina tashi. Na ce mutumin bai iya karatu ba, amma ya san inda aka rubuta shi, kuma ban ga yadda waya za ta ajiye masa hannun ubansa ba.

Dattijon ya tambaye ni, to ni a me nake karatu. Na gaya masa gaskiya, a waya ne, a cikin raksha ko a layin burodi, don littattafan da nake so ba sa isowa garin. Na ƙara da cewa idona kan yi zafi, caji kuma kan ƙare a daidai inda labari ya yi daɗi. Ya yi dariya, ya gyara min aikatau ɗaya, ya ce halas, shi ke nan, ina iya tafiya.

Kwana huɗu na yi ban san matsayina ba. Ranar Alhamis da hantsi aka liƙa sakamako a jikin ƙofa. Na fara dubawa daga ƙasa saboda tsoro, na haura, sai ga sunana can wajen tsakiya, cikin waɗanda suka ci. Na zauna a dakalin ma'ahad har mai shayin da ke wurin ta miƙo min ruwa ba tare da na tambaya ba.

A gida na tarar da mahaifiyata a inuwar darbejiya tana tsince wake da lalube. Ba ta tambayi maki ba.

"Muna nan?"

"Muna nan, Inna."

Ta ce alhamdulillahi, ta ce in ɗora jabana, butar gahawa, in kira maƙwabciyarmu. Na soya bunnu, ƙwayar gahawar, muka sha zagaye biyu, suna hirar tsadar albasa. Kafin na uku na jingina da gadon igiya, barci ya kwashe ni da tobin fita a jikina, ban farka ba sai da aka kira la'asar.